Jirgin da Ke Bayan Kofur Ilu

Shekara tara ke nan da rasuwar kakana, Kofur Ilu na Wagini, amma rigimar hotonsa ba ta taso ba sai wata Talata bayan la'asar, a shekarun da mutanen daji suka hana mu noma. Jirgi ya wuce ta saman gari ya nufi daji, can sai muka ji ƙara har bango ya girgiza. Hoton ya faɗo daga ƙusa, gilashinsa ya tsage.

Hoton yaƙin Bama ne. Kaka na tsaye da gajeren wando, siriri kamar kara, jirgi a bayansa, ƙunshe-ƙunshe jibge a gefe. Duk gidanmu mun tashi da sanin jirgin bom ne, ƙunshin nan kuma bama-bamai. A wajenmu, jirgin da soja ya tsaya kusa da shi ba shi da wani aiki sai wannan. Ga shi kuma duk sanda jirgi ya gifta, Kaka kan cire hula ya ɗaga kai yana murmushi. Mutane na cewa tsoho ɓarnarsa yake tunawa.

Baffa Sani, ƙanin mahaifina, ya ce a ƙona hoton. "In mutanen nan suka shigo suka gan shi, me za mu ce musu? Mu kanmu da muka ji yadda abin yake a ƙasa, da wane ido za mu riƙa kallonsa?" Ban saba musu da manya ba. Na dai roƙa a bar mini shi zuwa hutu. Ya ce to, zuwa hutu kawai.

Kafin hutun muka kwashe zuwa Batsari, ni na koma makaranta Katsina da hoton cikin jaka. A laburare na yi ta gwada shi da jiragen wancan yaƙi. Masu jefa bom na da kejin bindiga a doro ko a wutsiya, da yawansu hancinsu gilashi ne. Namu ba shi da ko ɗaya. Tagogi ne jere a jikinsa, da ƙatuwar ƙofa a gefe. Dakota sunansa, jirgin kaya, wanda ke sako wa sojoji abinci da laima a dajin da mota ba ta shiga.

Nakan tambayi kaina me Kaka zai ce da ya ga jikokinsa na shigewa ɗaki in sun ji jirgi, rumbunansa kuma wayam. Ba na jin zai yi dogon jawabi. Mutum ne da ko a shekarar fari ba ya rufe ƙofar zaure lokacin tuwo. Bana wasunmu sun koma Wagini sun shuka wake a gonakin bakin gari, Baffa ma ya fara kai kwano zaure kamar yadda ya ga Kaka na yi. Ina ganin abin da ya rage mana na Kaka ke nan.

Da hutun ya zo na gaya wa Baffa abin da na gano, sai dai bai yarda da littafi ba. Ya ɗauke ni a babur zuwa Safana, wurin Inna Yalwa, matar Kaka ta ƙarshe. Bayan doguwar gaisuwa ta karɓi hoton, ta kai shi dab da ido.

"Sani, bom ɗin wa? Shinkafa ce da gishiri, sakarai!"

Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce gobe zai kai a sa sabon gilashi. Ni kuma na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, to murmushin nan fa, in jirgi ya wuce?"

Ta yi dariya har da tari. "Ke 'yar boko, sai da kika je Katsina? Ai da kun tambaya. Cewa yake, duk sanda ya ji ƙarar nan, ransa na gaya masa yau ba mai kwana da yunwa."