Ruwan Baba a Bakin Yaya

Gidanmu gidan rini ne, kuma ba haye muka yi ba. Kakan kakana ne ya haƙa ramukan karofin da ke bayan gidanmu, nan cikin birni ta wajen Kusfa, tun ana rufe ƙofofin ganuwa da magariba. Shi ya shafe su da laso da hannunsa, kuma har ranar da aka cike su da shara ba ramin da ya taɓa yoyo. Daga shi sai ɗansa, sai kakanmu, sai Baba, sai Yaya. Duk malamin Limancin Kona da ya san rawani, namu yake naɗawa. In ya yi gumi shuɗin ya sauka a goshinsa, ba ya gogewa, so yake a gani.

Mu mata ba ma tsayawa bakin rami, amma ba ramin da yake tashi ba da mu ba. Mu ke daka ganyen baba, mu dunƙula, mu shanya. Mu ke tace toka. Ina da shekara bakwai na san tokar da za ta yi da wadda sai dai a watsar.

Abin da ya bambanta mu da sauran marina shi ne ɗanɗano. Kowane marini yana ɗanɗana ruwan ramin, don da harshe ake sanin ko toka ta yi yawa, ko baba ya nuna, ko yana shirin mutuwa. To su sauran, yatsa suke tsomawa su ɗiga a kan harshe, kamar mai taɓa miyar da ba tasa ba. A gidanmu wannan abin kunya ne. Tafin hannu ake cikawa, a zuba a baki, a kurkura, a riƙe shi ya zagaya ko'ina, sannan a tofar a faɗi abin da ramin yake so. Mazan gidanmu duk haƙoransu baƙaƙe ne. Da shi ake gane su a wurin ɗaurin aure.

Kuma gidan ba ya yafe ha'inci. Kakanmu ya kori ɗansa na cikinsa, ƙanin Baba, don ya rage tsomi biyu a wani rawani ya ce ya cika. Tsomi biyu kawai. Ya tafi kudu, can ya mutu, ba a yi zaman makokinsa a zaurenmu ba. Da wannan labarin aka raine mu, kuma ba da murya ƙasa ƙasa ake faɗinsa ba.

Da mijina ya rasu na gama takaba, na baro Ƙofar Galadima na dawo gida. Matar Yaya ta riga ta rasu, sai na riƙe masa tukunya. A lokacin ɗansa namiji ɗaya ne ya rage masa, magidanci, ya haura talatin, da matarsa da 'ya'ya uku a sashen yamma. Ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, yana da hannu. In ya matse zane ba ya barin tabo. Haƙuri ne ba shi da shi.

Zamanin ne soja suka sa mutane bin layi, sabulu ya yi wuya, mata suka koma yin nasu da soda, wannan farar aba mai cin fata. Sai soda ta cika gari. Masu rinin zamani suka gano in an haɗa ta da kalar gwangwani a baho, shadda tana rinuwa kafin a yi azahar. Namu baban kuwa sai ya kwana bakwai, wani sa'in goma, ana motsa shi da muciya safe da yamma kafin ya tashi. Masu kawo kaya suka fara raguwa.

Wata rana ina zuba musu fura na ji ɗan yana cewa, “Baba, mu gwada rami ɗaya. Ɗaya tak. In bai yi ba na daina magana.”

Yaya ya ce, “Kai da wa za ku gwada?”

“Kowa ya koma can, Baba. Jiya tun safe zani biyu aka kawo.”

“To ka rina biyun. Ko sun yi maka yawa?”

“Gwaggo, ki sa baki mana.”

Na ce, “Bakina na shan fura ne. In baho kake so, ga na wankin matarka can, ɗauka ka je bakin kasuwa ka zauna da 'yan koyo.”

Yaya ya yi dariya har ya ƙware. Ɗan bai yi ba.

Akwai wani rami a ƙarshen karofin, wanda baban rinin da ke cikinsa ya mutu, ruwan ya koma kamar na kwata. Yaya ya ɗanɗana ya ce a bar shi sai rani a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa. Aka kifa masa murfi, ba mai waiwayarsa. Wannan ramin ɗan ya zaɓa. A tunaninsa ba abin da zai kai ubansa ga mataccen rami. Da sassafe ya juye kalar gwangwani a ciki, ya bi ta da soda, ba da awo ba, don bai san awon ba, ji kawai ya yi a bakin mutane. Bai motsa ba. Ya mayar da murfi ya tafi nemo wani ƙyalle da zai gwada a ɓoye.

Ni na kawo wa Yaya koko da hantsi, don na wuce shekarun da za a hana ni fita bayan gida. Na tarar da shi tsaye kan ramin nan, murfi a hannu. Ruwan ya yi duhu, ga kumfa a sama tana ƙyalli. Fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Ya ce, “Ke, zo ki gani. Ya dawo. Baba ya taɓa gaya mini rami yana dawowa da kansa, ban taɓa gani ba sai yau.”

Ya kira marinan da ke kusa, mutum huɗu ko biyar, suka zo suna leƙe. Ɗayansu ya miƙa yatsa zai tsoma. Yaya ya buge hannun.

“Janye. Ramin gidanmu ba a yi masa yatsa.”

Ya durƙusa, ya cika tafi, ya zuba a baki.

Da wani ne, da zafin da ya ji a hannu ya isa ya zubar. Amma hannun Yaya ya shekara hamsin a cikin toka, fatar ta zama kamar ƙirgi, ba ta jin komai da wuri. Da wani ne kuma, da ya tofar nan take. Shi kuwa ga mutane suna kallo, kuma tun yana yaro Baba ke marinsa in ya tofar kafin lokaci. Na ga idonsa ya fito. Na ga ya riƙe. Ya kurkura sau ɗaya, har sau biyu. Da ya buɗe baki, abin da ya zubo ba ruwa kaɗai ba ne, da fatar bakin a ciki. Wani ruwan kuma ya riga ya wuce maƙogwaro.

Ana ɗaukarsa ɗan ya iso da ƙyallensa a hannu. Ba wanda ya tambaye shi komai. Gwangwanin yana nan bayan katanga inda ya jefar.

Wata biyu Yaya ya yi a asibiti. Ya dawo harshe a ƙanƙance, leɓe a manne ta gefe ɗaya, ba abin da ke wucewa sai kunu mai ruwa, shi ma da cokali, kaɗan kaɗan. Magana kuwa ta zama gurnani. Ba mai gane ta sai ni, don ni ke zaune da shi tun safe har yamma, na koyi yadda yake cewa ruwa, yadda yake cewa buta, yadda yake cewa a juya shi. Duk wanda ya zo dubiya, in Yaya ya yi sauti, ni ake kallo. “Me ya ce?” Sai in faɗa.

Ranar da ya dawo, ɗan ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa. Yaya ya juya fuska bango. Wannan kowa ya gani, ba ni na ƙirƙira ba. Dattawan dangi suka taru a zaure, aka kira ni, na ce abin da aka yi wa ƙanin Baba a kan tsomi biyu, ban ga dalilin da za a yi ƙasa da shi ga wanda ya ƙone bakin ubansa ba. Matar tana kuka tana cewa, “Gwaggo, damina ce, ina za mu da yara?” Na ce mata inda mijinta ya sayo soda, can akwai rumfa. Kafin Juma'a sun kwashe sun koma Tudun Wada, ɗaki ɗaya.

Bai daina zuwa ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zo ya tsaya a zaure ya aiko a yi masa sallama da ni. Abu ɗaya yake nema, ya ga ubansa ya roƙi gafara.

“Gwaggo, ko daga bakin ƙofa ne. Ba zan shiga ba.”

“Ba ya son ganinka.”

“Ki sake tambayarsa. Wallahi ban san zai buɗe ramin ba.”

“Ɗan marina ne kai ko ɗan masu sabulu? Akwai ramin da zai yi kumfa a karofin nan ubanka bai sa shi a baki ba? Wa ya fi ka sanin haka?”

Yakan kawo madara ta gwangwani, a lokacin da samunta sai an sha layi. Ina karɓa, don mara lafiya na bukata. Ban taɓa gaya wa Yaya daga inda take ba.

Bayan kamar wata shida, ina ba shi kunu, Yaya ya riƙe hannuna ya yi wani sauti da ban saba ji ba. Ya maimaita. Sunan ɗan yake kira. Shi da bai taɓa kiran sunan nan ba saboda kunyar ɗan fari, ga shi yana ta fama da shi da rabin harshe.

Na ce, “Ba ya zuwa, Yaya. Sha kununka.”

Ya kalle ni. Ya sha.

Daga ranar kullum sai ya kira. Ni kuwa na riga na yanke. Yayan da na sani, mai lafiya, shi ne ya juya fuska bango. Wannan da ke kwance ciwo ne ya tausasa shi, yunwa ta cinye shi har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kuma ciwo ba shi ke yanke hukunci a gidanmu ba. Da kakanmu ya kwanta ciwon ajali shi ma an ce ya yi ta kallon ƙofa. Ba wanda ya aika kudu.

Sau ɗaya abin ya kusa kuɓuce mini. Limamin unguwa, wanda ɗan ya je ya yi wa kuka, ya zo da kansa da dattawa biyu. Ya zauna kusa da tabarma ya ce, “Malam, ɗanka ya tuba. Ka yarda ya shigo?”

Yaya ya yunƙura. Ya yi ta sauti, yawu na zuba, hawaye na zuba, yana dukan tabarma da hannu. Cewa yake a kawo shi, a kawo shi yanzu. Liman ya juyo gare ni.

Na ce, “Allah gafarta Malam, ka dai gani da idonka. Ko sunansa aka ambata haka yake yi. Ya ce a ƙyale shi ya mutu cikin salama.”

Yaya ya ƙara dukan tabarma, yana girgiza kai, yana nuna ni da yatsa. Ɗaya dattijon ya ce, “Subhanallahi, ku bar maganar, za ku ƙarasa shi.” Suka yi addu'a suka tashi. Da suka fita na goge masa baki. Kwana uku bai karɓi kunu daga hannuna ba. A na huɗu ya karɓa, don ba wani hannun.

Karofin kuwa ya tsaya. Ba mai ɗanɗanawa, ramukan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce da na bar ɗan ya dawo da an ci gaba. Da me? Da baho? Gara a ce gidanmu sun daina rini da a ce sun koma rina ƙarya.

Damina biyu Yaya ya yi a haka. Ya rasu ranar wata Talata da la'asar, ina riƙe da kansa. Jana'iza ta maza ce, ba ni da ikon hana kowa, don haka ɗan ya zo, ya ɗauki makara, ya shiga kabari ya karɓi ubansa. Wannan ne ganin da ya yi masa, a cikin likkafani.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, ya same ni a tsakar gida ina tsince shinkafa. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya durƙusa nesa kaɗan.

“Gwaggo, ke kaɗai ke jin maganarsa. Don Allah, a duk tsawon nan, ya taɓa cewa wani abu a kaina? Ko sau ɗaya?”

Na ɗaga kai na dube shi. Kamanninsa ɗaya da Yaya yana saurayi, har yadda yake riƙe gwiwa.

Na ce, “Bai taɓa ba.”

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, “To, Gwaggo. Allah ya ba mu haƙuri.” Ya tashi ya nemi takalmansa, ya sa ɗaya, ɗayan ya riƙe a hannu, ya fita a haka. Na ci gaba da tsintar shinkafata, don akwai baƙi daga Kano da ba su ci komai ba.