Minsharin maigidana

Shekarun baya, lokacin maigidana yana da rai, kamiyon wani Alhaji yake ja, babbar motar kaya, yana kai wake daga Matameye zuwa bakin iyaka. Wata rana da azahar barci ya sace shi a kan sitiyari kusa da Ɗan Barto, motar ta gangara gonar mutane. Ba wanda ya ji rauni, amma kafin magariba gari ya ɗauka cewa ƙwaya yake sha. Alhaji ya karɓi makulli, ya ce, "Je ka huta tukuna."

Ni na san ba ƙwaya ba ce. Na yi shekaru ina jin minsharinsa yana yankewa, numfashi ya tsaya cak, sai na zungure shi ya farka yana haki. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata. An hore mu kada a fitar da sirrin miji, ni kuwa na haɗa har da minshari.

Yayana ne ya matsa muka je asibiti a Damagaram. Likita ya gama duba maigidana, ya juyo gare ni: "Ke ke kwana kusa da shi. Me kike ji?" Na sunkuyar da kai kamar amarya, da 'ya'yana biyar. Maigidana ya ce, "Faɗi mana. Sirrin da ya shiga gonar mutane?"

Na faɗa. Bayan gwaji likita ya ce ciwo ne, maƙogwaro ke toshewa cikin barci, mutum ya kwana bai huta ba.

"To, nakasa ce ke nan?" in ji maigidana. "Makafi na da sarkinsu, guragu na da nasu. Ni wa zan bi, sarkin minshari?"

Likita ya yi dariya. "A kan sitiyari nakasa ce, har sai an shawo kanta. A ƙasa kuwa za ka iya aikinka." Ya rubuta takarda.

Alhaji ya sa aka fassara masa ita sau biyu. Ya ce wa maigidana, "Astagfirullah, mun ɗauki alhakinka." Ya ba shi tsaron sito, kuma bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa wa jama'a da bakinsa cewa ciwo ne, ba ƙwaya ba.

Bara Allah ya karɓi ran maigidana, zazzaɓi ne na kwana uku. Ban saba da rashinsa ba. Amma 'ya'yansa suna ratsa tasha, direbobi na ce musu Allah ya jiƙan babanku, ba mai nuna su da baki. Duk lokacin da na tuna saura kaɗan kunya ta hana ni magana a gaban likita, sai in yi hamdala.