Takalman Ƙofar Zauren Dagaci

Ikrima tela bai taɓa sanin yana da gudu ba sai ranar da ya hango makiyaya sun doso gari da sanduna. Ya bar rigar mutane a bakin keke, ya zo tsallake kwata, kwata ta ce ba ta san zancen ba. Ya miƙe da ƙafa ɗaya baƙa ƙirin, takalmi ɗaya ya tafi, yana kurma ihu, "'Yan tarzoma! Sun shigo!" Kafin ya kai gidan dagaci masu shaguna sun fara jan ƙofa, wani har ya kira 'yan sanda a waya.

A bakin zaure ya tarar da Harisu Sankira, dattijo siriri mai muryar da ta fi jikinsa nauyi. A wannan ƙauye na ƙasar Sandamu, Harisu ne ke shelar ganin wata da rigakafi da ɓatan akuya. Gadon sana'ar ya yi. Amma babban aikinsa shi ne idan taro ya zo, ya faɗa wa dagaci ko su wane ne. In ya ce masu kai kuka, sai a shimfiɗa tabarma a kawo ruwa. In ya ce masu zanga-zanga, wakili ne zai fita ya ji su a tsaye. In kuwa ya ce 'yan tarzoma, rufe ƙofa ake yi, sauran magana sai a caji ofis.

Sunayen da rediyo ke laƙaba wa mutane ba sa burge shi. Yakan ce mutanen da aka kira 'yan gwagwarmaya da safe su ne ɓata-gari da yamma, ya danganta da wanda aka miƙa wa makirufo. Shi abin da ubansa ya koya masa ɗaya ne: kada ka dubi baki ko hannu, dubi ƙafa. Wanda ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, har yanzu yana son a saurare shi.

Taron ya iso, kowa na magana a lokaci guda. Ardo Sha'aban ne a gaba, jijiyar wuyansa a waje. An nome musu burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, tun jiya dabbobi ba su sha ba.

"Sankira, su wane ne?" in ji dagaci daga ciki.

Harisu ya dubi ƙasa. Takalman roba, kowanne a ƙafar mai shi. Ya kai gaba, ya dawo, ya gyara hula, ya sake gyarawa.

"Baba Sankira, faɗi mana!" in ji Ikrima daga cikin zaure, inda ya riga ya laɓe. "Ko sai sun fasa mana kai?"

"Sankira, na ce su wane ne?"

Harisu bai taɓa yi wa dagaci ƙarya ba. Ba zai kuma ce su tuɓe ba, don takalmin da aka tuɓe bisa umarni ba ya shiga lissafi. Ga ƙurar motar 'yan sanda ta fara tasowa daga bakin titi.

Sai ya matsa gaban ardo, ya rage murya kamar sun haɗu a masallaci.

"Ardo, barka da rana. Ina gajiya? Yaya shanu? Yaya jikin mai ɗakinka Kulu?"

Sha'aban ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, amma gaisuwar dattijo ba a barin ta a ƙasa. "Lafiya lau... da sauƙi," ya ce, gwiwarsa ta rusuna da kanta, ƙafarsa ta zame daga takalmi kamar yadda ta saba tun yana yaro. Na bayansa suka bi. Sanduna suka kwanta.

Harisu ya juya, ya saki murya duka. "Ranka ya daɗe, talakawanka ne, masu kai kuka!"

'Yan sanda suka tarar da tulin takalma da mutane na shan ruwa a kwanon sha.

Ikrima ya leƙo yana washe baki. "Ai ni tun daga nesa na san masu kai kuka ne, Baba. Gwada ka nake yi."

Harisu ya dubi ƙafarsa. "Yau mutum ɗaya ne ya shigo zauren nan da ihu, da takalmi, da kwata. Gode wa Allah ba a kanka dagaci ya tambaye ni ba."