Ɗakin da Tsaka Ba Ta Shiga

A lokacin ni sabon magidanci ne, ga ƙarfi ga taurin kai, karatuna bai wuce na allo ba. Kakanninmu mahajjata ne da suka yada zango kusa da garin Basunda a ƙasar Gadarif, can na taso. Shekarun da tarakta ta cika ƙasar Gadarif, kowa na rububin aiki a manyan gonaki, sai na ga ƙauye ya yi mini kaɗan. Na ɗauko matata da 'yarmu mai rarrafe, muka shigo birni.

Leburori sun cika gari, ɗaki ya yi wuya. Wani dillali ya kai ni bayan kasuwar hatsi, ya nuna mini ɗaki guda na bulo, rufin kwano, taga ɗaya. Ni da na girma a bukkar ciyawa, gani na yi kamar fada. Yana buɗe ƙofa wani wari ya buge ni, kamar tafarnuwa da kananzir. Da na tambaya ya yi dariya, ya ce da can wani mai gona ke ajiye maganin ƙwari a ciki, amma an share, in ƙamshi nake so in tafi otal. Wannan magana ban faɗa wa matata ba.

Ita ta fara lura. Damina ce, sauro ya addabi unguwa, amma ɗakinmu ko ɗaya babu. Ta bar ragowar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a buɗe, kiyashi bai zo ba. Ba tsaka a bango, ba saƙar gizo-gizo a lungu. Ta tambaye ni, ɗakin da ƙwaro ya ƙi, me mutum ya gani a ciki? Na ce ƙauyanci ke damunta, tsabtar birni ke nan. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Hajja mai toya kisra, ta tare ni a ƙofa. Ta kira ni ɗanta, ta ce in fitar da gadon igiya tsakar gida iyalina su kwana a iska kamar kowa, don simintin ɗakin nan ya sha abin da wanki ba ya fitarwa. Na ce tsakar gidan cike yake da gwauraye, matata ba za ta kwanta a idonsu ba. Ta ce to in daka kishina in sha. Kishin nan ne ya sa ranar da zan hau lori zuwa yankan riɗi na toshe tagar da buhu da laka, na kuma hana matata fita.

A gona hankalina kwance yake, a ganina na killace iyali. Ita kuwa tana can da ciwon kai da amai, tana ta turaren wuta don kashe warin, yarinya na rarrafe a simintin tana tsotsar yatsunta. Direban lori ne ya kawo mini saƙon Hajja, cewa in jefar da lauje in taho. Kafin in iso, tsohuwar ta fasa lakar da taɓarya ta kai su asibiti. Matata ta rayu, da tarin da bai rabu da ita ba har ta koma ga Allah. 'Yata kuwa na tarar an rufe ta. Likita ya tambaye ni ko na san abin da aka taɓa ajiyewa a ɗakin. Matata na kallona daga kan gado. Na ce ban sani ba.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, amma ni na san hannun da ya toshe tagar. Mun zauna shekaru, ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban sami bakin faɗa mata gaskiya ba, yanzu kuma babu wadda zan faɗa wa. Ku masu shigowa birni, ku tambayi abin da ɗaki ya taɓa ɗauka kafin ku shimfiɗa tabarma, kuma in matarka ta ji tsoro, ka tsaya ka saurara. Ni har yau in na shiga ɗaki bango nake fara dubawa. Sai na ga tsaka nake zama.