Awon Gero a Kukawa

A gidanmu na Tsiga ba a awo. Ɗaukar ƙwarya a je kasuwa a tsaya gaban mai mudu aikin wanda rumbunsa ya ƙare ne, Baba kuwa gara ya kwana da ruwa a ciki da a gan shi a wurin. Da wannan girman kai muka tashi, ni da Yayana, da shi kuma muka bi ayarin fatake zuwa Barno don mu gyara tilawa, mu koyi rubutun Alƙur'ani irin na Barebari.

Guzurin da Inna ta haɗa mana ya kai mu Kukawa har ya ɗan yi saura. Da ya ƙare sai Yaya ya ɓullo da tasa dabarar: kullum mu sayi fura da ƙosai a bakin hanya, wai wannan ba awo ba ne, marmari ne. Ɗan abin da muke samu a ɗinkin huluna duk can yake tafiya, yunwa kuma tana nan daram. Har rubutunsa ya soma karkacewa, shi da ake yabonsa a kai.

Ni ban iya yunwa ba, ban kuma iya shiru ba. Na ce, "Yaya, kaka ta yi, gero ya yi araha. Mu auni mai yawa mu ajiye."

Ya ce, "Fataken ƙasarmu fa? Kasuwar nan cike take da su. So kake a je a ce wa Baba 'ya'yansa na awo?"

"Ai rumbun Baba na Tsiga, mu kuwa muna nan."

Ya ce in yi masa shiru. Na yi, sai ranar Litinin na ɗauki taiki, jakar fatar da ake zuba hatsi, na nufi babbar kasuwa. Na bari sai la'asar, lokacin da mutanen ƙauye suke son komawa gida ba kaya. Ban ji Barbarci sosai ba, amma hatsi na san shi: in nutsa hannu can ƙasa, in ciji ƙwaya, in sunsuna. Na auni gero, na haɗa da gutsattsarin busasshen kifi, wanda ya fi araha kuma a miya duk ɗaya ne, da ɗan man shanu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta yarda ta riƙa daka mana tana tuƙawa, ta ɗebi rabonta a ciki. Yaya ya ci tuwon nan har da suɗe kwano, bai taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

A awo na gaba ne na yi kiciɓis da wani falke mutumin Kafur, kusa da garinmu, taiki a kaina. Ya ce, "A'a, ɗan Malam, kai ne da wannan kaya? Lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau. Ka gaida Baba, ka ce masa muna ƙoshi."

Bayan damina sai ga falken ya dawo, ya sauke mana taikin dawa daga kan jaki a ƙofa. Ya ce, "Babanku ya ce ku ci wannan, kada a sake ganinku gaban mai mudu." Yaya ya harare ni. Ni ko a jikina, don har yau ina ganin daidai na yi, murna ma nake zan ci dawar gida.

Ina kwance bakin taikin na ga abin da bai yi mini ba. Kaura muke shukawa, ita kaɗai, tun kakanmu. Wannan kuwa gauraye take, ga kaura, ga farafara, ga wata ja da ban sani ba.

Na ce, "Malam, wannan ba dawar gonarmu ba ce."

Ya sunkuyar da kai. Sai da na matsa ya ce fara ta sauka a ƙasarmu bara, ba ta bar wa kowa abin kirki ba. Da saƙona ya isa, Baba bai aiki kowa ba. Shi da kansa ya je kasuwar Kafur da rana tsaka, ya bi masu mudu ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kallo.

A ranar, Yaya bai iya sa hannu a tuwon ba. Ni na ci, ina share hawaye da bayan hannu, don ban ga yadda za a bar abin da Baba ya saya da mutuncinsa ya huce ba.