Minti Ashirin na Sista

Shekara goma sha tara Sista ta yi a ɗakin haihuwa, har mijinta ma Sista yake ce mata. Da ta sami gurbin ƙaro karatu kan kula da bakwaini a ƙasar waje, sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: ta ci jarrabawar Turanci. Sau biyu tana zama, sau biyu wuri ɗaya ke kayar da ita, inda ake ba mutum zanen alƙaluma a ce ya bayyana shi da kalma ɗari da hamsin cikin minti ashirin.

Duk Asabar takan je wurin wani malami mai koyarwa a saman shagon tela, ƙarar kekunan ɗinki na tasowa daga ƙasa. Wata rana ya miƙa mata zanen mutuwar jarirai a ƙasashe huɗu. Ta cika shafi fal: nisan asibiti, ɗaukewar wuta, matan da ake kawowa bayan jini ya ƙare.

Malam ya bi da jan biro ya soke.

"Anti, ba a tambaye ki dalili ba. Ki ce layin ya hau, ya sauka, ya tsaya. Ki kwatanta mafi yawa da mafi ƙaranci. Shi ke nan."

"Malam, 'ya'yan mutane ne fa. Da hannuna na naɗe irinsu."

"Na sani. Mai duba takarda ba zai ba ki maki a kai ba."

Ta koma gida rai a ɓace. Mijin ya gwada zolaya: "Ke da ke gane naƙuda tun daga tafiyar mace, layi ne zai gagare ki?" Ko murmushi ba ta yi ba.

Wata uku tana ajiye agogo a tebur lokacin hutun rana, tana koyon kame bakinta. A zama na uku aka kawo jadawalin masu hawa jirgin ƙasa. Ta gama da saura minti biyu, ta kuwa ci.

Sai dai sakamakon ya fito kwana huɗu bayan makarantar ƙasar wajen ta rufe karɓar ɗalibai. Suka rubuto mata cikin ladabi cewa ta sake nema baɗi, ba tare da alkawari ba.

Ta karanta wasiƙar a wayarta a tsaye a bakin ɗakin haihuwa. Abokiyar aikinta ta leƙo tana kiranta, an kawo wata mai tagwaye. Ta cusa wayar a aljihu ta tafi wanke hannu.