Na Allah mai hatsi da kiran da aka yi masa ranar kasuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, 14 ga watan Yuni 2010, bayan la'asar, labari ya iske ni a lakwal, makarantar boko ta garin Sarkin Hausa, cewa aminina Na Allah mai hatsi ya faɗi a ƙofar mangazarsa ta ajiyar hatsi cikin kasuwar Mayahi, bai kuma tashi ba. Likita ya ce hawan jini ne. Na yarda da ajali, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Na Allah, shekara ashirin na san ka kana awon gero, tiyarka kullum da toliya. A yunwar 2005, da makiyaya suka zo da shanun da ba su iya tsayuwa, kai ka buɗe masu buhu, ka ce su ci tukuna.

Daminar bara ta sake cin amanarmu, bana sojoji suka karɓi mulki, kowa da jita-jitarsa. Sai wani Abdurrahamane, wanda ba mu san asalinsa ba, ya fara kiran salularka yana faɗa maka farashin Maradi da na Tasawa. Ka daina jiran mai saye. Ka sayi buhu da hantsi, ka sayar da azahar, ka sake sayensa da la'asar. Ranar da ka ci riba ba ka murna, ranar da ka faɗi ba ka cin tuwo. Ka canza kwaɗon mangaza sau uku. Ka zargi matarka Salamatu da kai maganarka waje. Da na ce ka huta ko na mako ɗaya, sai ka dube ni ka ce, "Malam, wa ya aiko ka?" Ban yi fushi ba, na san ba kai ke magana ba.

Ranar Litinin ɗin nan aka kira ka, aka ce motocin gwamnati na tafe da hatsi mai rahusa, farashi zai karye. Ka sayar da komai kafin azahar. Mota ba ta zo ba. Masu rumfunan da ke kusa sun shaida mani amalanken da suka kwashe geron suna tsaye bayan mangazarka tun da safe, tun ba a kira ka ba. Wa ya gaya masu za ka sayar? Abdurrahamane bai zo jana'iza ba, lambarsa kuma a kashe take. Ban da hujja, don haka na bar shi da Allah.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka zargin da ka yi wa masu son ka, mu kam mun yafe. Ya sa ciyarwar da ka yi ta tare ka a kabari. Ina miƙa ta'aziyyata ga Salamatu, da ƙanenka Namadi, da Baba da ya binne ɗansa da hannunsa yana da shekara tamanin. Allah Ya ba ku haƙuri. Amin.